Warin Fetur a Mota

Warin fetur a mota alama ce da ke nuna cewa mai ya bar hanyar da aka tsara masa, ko dai yana ɗiga da ruwansa, ko tururinsa ne ke tserewa, ko kuma yana ratsa injin ya fito ta salansa bai ƙone ba. Hanyar mai, tun daga bakin tanki har cikin injin, a rufe aka ƙera ta, saboda haka lafiyayyar mota ba ta wari, in ban da ƴan mintoci bayan an sha mai. Abin da ya sa ba a raina wannan alama shi ne halin fetur kansa. Yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, tururin ya fi iska nauyi har yakan kwanta a ƙarƙashin mota ko cikin ramin gareji, kuma da zarar ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobara. Yawan shaƙarsa kuma na kawo ciwon kai da jiri, sannan akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda aka tabbatar yana haddasa cutar daji.

Yanayin Zinder

A Damagaram, wato Zinder ta ƙasar Nijar, abubuwa da dama na taruwa su tsananta matsalar. Zafin bazara, musamman a watannin Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40, yana ƙara wa man da ke cikin tanki tururi, yana kuma busar da tiyo da robobi har su tsattsage. Yawancin ƙananan motocin garin tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, kuma da yawansu sun zo da tsatsa a bututun mai na ƙarfe, sakamakon gishirin da ake watsawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Ko da yake matatar mai ta SORAZ, wadda ke arewacin birnin, ta fara aiki tun shekarar 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, sayen mai a kwalba a bakin titi tsohuwar al'ada ce a yankin saboda kusancinsa da Najeriya, kuma ɗura mai da mazurari ba ya rasa zuba a jikin mota. Haka nan direbobin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta Gure zuwa Diffa, sukan ɗauki jarkar mai a wurin kaya na baya. Don haka tambayar farko da gogaggen makanike ke yi ita ce ko an ɗauki jarka kwanan nan, domin shimfiɗar da ta sha fetur takan yi kwanaki tana wari alhali motar lafiyarta ƙalau.

Lokacin warin da wurinsa

Mafi yawan aikin ganowa ya rataya ne kan sanin lokacin da warin ke tashi da kuma ɓangaren da ya fi ƙarfi, kuma direban da ya lura da waɗannan biyu ya rage wa makanike rabin wahala. Warin da ke zuwa bayan an cika tanki, ya gushe idan mai ya ragu, yana nuni ne ga saman tanki: murfin da robarsa ta mutu, ko wuyan tankin da ya tsage, ko robar da ke kewaye da famfon mai. A motoci da yawa famfon na cikin tanki, kuma ƙofar isa gare shi na ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa fasinjojin baya ke riga direba jin warin.

Idan kuwa sai injin na aiki warin ke tashi, zargi ya koma kan sashen da mai ke tafiya da matsi. A tsohuwar mota mai kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska, matsin kaɗan ne, bai kai rabin bar (ma'aunin matsi) ba, amma a mota mai injekta, wato na'urar da ke fesa mai cikin injin, yakan kai bar 3 zuwa 4, ta yadda hudar da ido bai gani ba za ta riƙa fesa mai a kan injin mai zafi. Wannan ne nau'in da ya fi haɗari, kuma shi ne ya fi wuyar kamawa, domin man na bushewa kafin ya taɓa ƙasa. Abin da yake bari sai wani tsaftataccen tabo a tsakiyar ƙura, ko damshi a gindin injekta da bakin matatar mai. Warin da ke shigowa ta ramukan iskar gaban mota kusan kullum daga ƙarƙashin bonet yake.

Akwai kuma warin da babu ɗigo ko ɗaya tare da shi. Tun farkon shekarun 1970 aka fara sanya wa motocin Amurka wani gwangwani mai cike da gawayi, wanda ke tsotse tururin tanki ya ajiye, daga baya injin ya ja shi ya ƙone. Al'adar girgiza mota a gidan mai domin tanki ya ƙara ɗauka bayan famfon gidan man ya tsaya tana tura ruwan mai cikin wannan gwangwani, gawayin ya jiƙe ya daina aiki. Sau da yawa kuma an tarar wani mai gyara ya cire tiyon gwangwanin ya bar shi a buɗe, yana ganin ba shi da amfani, wanda kuskure ne babba.

Warin da ke fita ta salansa na da nasa shaidu: baƙin hayaƙi, shan mai fiye da kima, da girgizar injin. Injin fetur na buƙatar kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo guda na mai, kuma matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe, ko bujin da ya mutu, ko injektar da ta ƙi rufuwa, duk suna ɓata wannan ma'auni. Idan baƙin mai ya yi ruwa-ruwa, sandar awonsa na warin fetur, to mai na gangarawa cikin injin ke nan.

Bincike a gareji

Ana yin binciken ne a fili, injin a sanyaye, ba taba ba ashana, da tocila mai batir. Makanike kan murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, domin famfo ya cika bututu da matsi, sa'an nan ya bi hanyar man daga tanki zuwa gaba yana duba kowace mahaɗa. A motocin da ke da mizanin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke bayyana matsalarta da shi, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, na'urar bincike kan nuna lamba P0455 idan tururi na fita da yawa, P0442 idan hudar ƙarama ce, P0172 kuma idan mai ya rinjayi iska. Inda akwai kayan aiki, akan hura hayaƙi cikin hanyar tururi a ga inda zai ɓullo.

Motar da aka ga mai na ɗiga daga gare ta ba a tuƙa ta zuwa gareji, janta ake yi. Toshe hudar tanki da sabulu, kamar yadda direbobin daji ke yi, dabarar isa gari ce kawai. Wajen sauya tiyo kuwa dole a nemi wanda aka yi domin fetur, mai jure matsin injekta, domin tiyon ruwa na kumbura ya ruɓe idan mai ya daɗe a cikinsa.