Tsoron Farar Takarda: Tambayoyi Kan Littafin Zane na Haɗa-haɗa

Wane irin littafi ne wannan?

Littafi ne da mutum ke ajiye wa kansa, yana zuba fenti, tawada, rubutu, yankakkun hotuna, ƙyalle, har tsohon tikiti, duk a shafi guda. Ba don baje koli ake yin sa ba. Frida Kahlo, mai zanen nan 'yar Meziko, ta riƙe irinsa daga 1944 har rasuwarta a 1954.

Ina ruwansa da tsoro?

Abin da ke sandarar da hannu shi ne ganin kamar layin farko shi ne na ƙarshe, in ya karkace shi ke nan. To a nan aiki hawa-hawa ake yi. Ka shafa launi bai yi maka ba? Fentin akirilik, wato fentin roba da ake sirka shi da ruwa, kan bushe cikin mintuna, kuma in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi, sai ka hau kansa da wani. Ko ka shimfiɗa jeso, wato farin fentin share fage, ko ka liƙa takarda a wurin. Sau da yawa ma ɗan abin da ke leƙowa daga ƙasa shi ke ƙawata shafin. Manya ma haka suke yi: da aka haska hoton tsoho mai jita da Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifen, ya zana wajen 1903 da na'urar X-ray, sai ga siffar wata mace a ƙarƙashi. Rufe ta ya yi, ya ci gaba.

Ni fa ko da'ira ban iya zanawa ba.

Almakashi da gam sun ishe ka. A 1912 Braque, mai zane ɗan Faransa, da Picasso suka fara liƙa takardu cikin zanensu. Shi kuwa Matisse, wani mai zanen ɗan Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allo ta yi masa wuya, sai ya koma yankan takardu masu launi, kuma da su ya yi wasu daga fitattun ayyukansa.

Muryar nan da ke ce min "kai wane ne" fa?

Ba kai kaɗai take damu ba. A 1978 masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu kan matan da suka yi fice amma suna jin kamar yaudarar mutane suke yi. Ke nan ƙwarewa ba ta kashe muryar. Ni a ganina gardama da ita ɓata lokaci ne. Rubuta abin da take faɗa a shafin, kalma da kalma, ka bi da fenti a kai. Ka ga farin shafi ya tafi tun ba ka fara ba. Sannan ka sa agogo minti 10, kada hannu ya tsaya.

Wane kaya zan tanada?

Kaɗan. Littafi mai tsada ƙara fargaba yake yi, don za ka riƙa jin tausayinsa. Takardar ofis mai nauyin giram 80 a murabba'in mita kan yamutse in ta sha ruwa, mai 300 ba ta cika yi ba. In ba ka da ita, manne shafi biyu.

Sai na nuna wa mutane?

A'a. In ka matsu, bari shafin ya kwana biyu tukuna, sannan ka zaɓi wanda zai tambaye ka yadda ka yi, ba wanda zai ba ka maki ba.