Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Baro: me ya sa ake son a ceto ta?

Ina ne Baro?

Ƙaramin gari ne na Nufawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Daga nan aka fara shimfiɗa layin dogo zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamnan Arewa Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne. Layin ya bi ta Minna, Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911.

Me ya sa aka fara daga bakin kogi?

Saboda babu hanyar da za ta ɗauki ƙarafa masu nauyi sai ruwa. Idan kogi ya cika, jiragen ruwa sukan taso daga bakin teku da ƙarafan dogo da sassan kan jirgin ƙasa, a sauke a Baro. Da aiki ya kankama, sai kaya suka riƙa gangarowa daga Arewa: gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga. Leburori su sauke buhuna daga tarago, su ɗora wa jirgin ruwa.

To, yaya aka yi tashar ta mutu?

A 1912 aka haɗe layin da na Legas, daga baya aka gama gadar Jebba. Ɗan kasuwa ba zai zauna jiran damina ba alhali jirgin ƙasa na kai kayansa Legas kai tsaye. Sannu a hankali motoci suka kwashe sauran cinikin, reshen Minna zuwa Baro ya daina aiki.

Wa ke da alhakin kula da ita?

Kadarar ta Hukumar Jiragen Ƙasa ce, ayyana wuri a matsayin kayan tarihi kuma aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne. A Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke Ebute Metta, ya zama gidan tarihin jirgin ƙasa. Abin da ya yiwu can zai yiwu a Baro.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga rufi. Kwano ɗaya ya yaye, ruwa ya shiga, gara ta bi katako, bango ya tsage. Sai kuma tsaro, don kada 'yan jari-bola su kwashe ƙarafan. Amma abin da ya fi damuna shi ne dattawan da iyayensu suka yi aiki a tashar: a naɗi muryoyinsu tun suna raye. An ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019. Duk shirin da za a yi mata, ya kamata a sa tsohuwar tashar a ciki, a kuma damƙa kulawarta a hannun mutanen garin.