Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Kantuna da Otal-otal na Legas

Wane irin gini 'yan kasuwar Legas suke yi a farkon ƙarni na 20?

Galibi bene ne mai hawa ɗaya ko biyu, na jan bulo da aka shafe da filasta, aka rufa da kwano. Ƙasa kanti ne da sito, sama kuwa nan maigida ko wakilin kamfani yake kwana da iyalinsa. Haka kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant suka jera gidajensu a titunan Marina da Broad Street, kusa da bakin ruwa, inda ake lodin manja da ƙwarar kwakwa, daga baya kuma gyaɗa da fatun Arewa, bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911.

Daga ina adon da ke jikinsu ya samo asali?

Wannan aikin Aguda ne, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19 da sana'ar gini da kafinta a hannunsu. Duk ɗan kasuwarmu da ya ratsa unguwar Campos, idan ya ɗaga kai sama da allunan talla, zai ga tagogi masu baka, da furannin filasta a goshin ƙofa, da barandar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 shi ma wannan hannun ne ya gina shi. A ganina, gwanintarsu ta fi fitowa a yadda suka yi wa zafi dabara, domin silin mai tsawo da tagogin katako masu tsaga-tsaga suna barin iskar teku ta ratsa ɗaki ba tare da fanka ba.

Otal-otal fa?

Ƙanana ne, kuma tsarinsu bai yi nisa da na gidan kanti ba: wurin cin abinci a ƙasa, ɗakunan baƙi a sama. Fatakenmu kuwa gidan maigida suke sauka, shi ne masauki, shi ne ma'ajiyar kaya.

Akwai sauransu a tsaye?

Akwai, amma suna ƙarewa. Ilojo Bar, wani tsohon bene irin ginin Aguda da ke daura da dandalin Tinubu, wanda aka sanya cikin gine-ginen tarihi na ƙasa tun 1956, an rushe shi a watan Satumba na 2016, abin da har yau yake yi mini ciwo. Water House, gidan Candido da Rocha, wani attajiri Ba'agude, yana nan a titin Kakawa.