Ɗalibin jinya da ke tausaya wa kansa ya fi iya kula da marar lafiya

Kullum ana tunatar da ɗaliban jinya cewa aikinsu aikin tausayi ne, amma ba kasafai ake koya musu yadda za su yi da kansu ba a ranar da aikin ya ƙi yiwuwa a hannunsu. Alhali kuwa maganar da ɗalibi yake yi wa kansa a zuci bayan ya yi kuskure, ita ce ke sa ya koma gefen gadon marar lafiya cikin natsuwa, ko ya shiga kauce masa.

A ɗauki ɗalibar da aka tura ɗakin yara, aka ce ta sa wa yaron da gudawa ta galabaitar ƙarin ruwa. Jijiyoyin irin wannan yaro sukan ɓuya, har ƙwararru kan sha wuya kafin su samu. Ta soka ba ta samu ba, ta sake sokawa, yaro yana tsala ihu, uwar ta ce, "'Yata, don Allah kira mana babbarku." Sista ta zo ta karɓi allurar tana faɗa a gaban kowa. Idan ɗalibar nan ta kwana tana ce wa kanta ba ta da amfani, washegari a bayan tebur za a same ta tana cike takardu, tana addu'ar kada a kira sunanta. Idan kuwa ta ce wa kanta abin ya yi ciwo, amma ba wanda aka haifa da iyawa, za ta tsaya ta ga yadda sista ta ɗaure hannun yaron da inda ta nemo jijiyar, sannan ta koma ta ba uwar haƙuri.

Kristin Neff, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, ta fitar da ma'aunin tausaya wa kai mai tambayoyi 26 a shekarar 2003. Ta ce abin ya ƙunshi mutum ya sassauta wa kansa maimakon ya yi ta tsinar kansa, ya tuna cewa gazawa rabon kowane ɗan Adam ne, kuma ya dubi ɓacin ransa yadda yake, ba tare da ya danne shi ko ya nutse a cikinsa ba. Tun kafin nan, a 1990, Ngozi Nkongho, masaniyar aikin jinya, ta tsara ma'aunin iya kula da wani, wanda ya dogara kan sanin kai da sanin wanda ake kulawa da shi, da ƙarfin hali, da haƙuri. Duk wanda ya haɗa ma'aunan biyu zai ga inda suka gamu: ƙarfin halin sake ɗaukar allura bayan an gaza ba ya fitowa daga zuciyar da ke zagin mai ita. Binciken da aka yi tsakanin ma'aikatan jinya a ƙasashe daban-daban ya sha nuna cewa waɗanda suka fi tausaya wa kansu ba su cika faɗawa cikin gajiyar aiki mai kashe zuciya ba, gajiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, kuma daga alamominta akwai mutum ya ji ransa ya fita daga aikin.

Wasu malamai suna fargabar cewa wannan hanya za ta haifar da sakaci, tunda rayuka ake riƙewa. A ganina akasin haka ne ya fi faruwa. Ɗalibin da yake ganin kowane kuskure hukunci ne a kan darajarsa, shi ne zai ɓoye cewa ya ba da magani ba a kan lokaci ba, ko ya rubuta awon zafin jikin da bai auna ba. Wanda ya iya raba kansa da kuskurensa shi ne ke zuwa da ƙafarsa ya sanar da shugabar ɗakin tun ana iya gyarawa.

Saboda haka, ɗalibin da abu ya kwaɓe masa ya fara tabbatar da lafiyar majinyacin, ya kai rahoto, sannan ya tambayi kansa abin da zai faɗa wa abokin karatunsa da hakan ta same shi, ya faɗa wa kansa kalaman nan. Ya ci abinci, ya sami barci bayan aikin dare, domin yunwa da rashin barci suna ƙara kaifin zargin kai. Malamai da manyan nas-nas kuma su janye ɗalibi gefe idan za su yi masa gyara, su faɗi abin da ya yi ba daidai ba da yadda ake yinsa, su bar ambaton ƙwaƙwalwarsa ko gidansu. Idan zargin kai ya kai ga hana barci, ko yawan kuka, ko tunanin cutar da kai, ɗalibi ya gaggauta sanar da malamin da ya amince da shi, ya kuma nemi ganin likita a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.