Koyar da Tsarin Ƙwayar Zarra da Ɗaurin Sinadarai a Sakandaren Zamfara

Tsarin ƙwayar zarra da ɗaurin sinadarai darussa ne biyu da ake fara koyarwa a aji ɗaya na babbar sakandare, wato SS1, a fannin kimiyyar sinadarai. Na farko yana bayanin abin da ke cikin ƙwayar zarra, na biyun kuma yana bayanin abin da ke sa ƙwayoyin su riƙe juna har su zama gishiri, ruwa ko ƙarfe. A Jihar Zamfara, kamar sauran jihohin Najeriya, manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ake bi, kuma tambayoyi a kan darussan suna fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Wuyar koyar da su ɗaya ce: abin da ake magana a kai ido ba ya ganinsa, ko da madubin ɗakin gwaji na makaranta.

Abin da darasin ya ƙunsa

Malami kan bi tarihi. A 1808 John Dalton na Ingila ya wallafa ra'ayinsa cewa kowane sinadari ƙwayoyi ne ƙanana da ba sa rabuwa. J. J. Thomson ya gano elektiron, wato 'yar ƙanƙanuwar ƙwaya mai cajin lantarki, a 1897, sai ta tabbata ashe ƙwayar tana da 'yan ciki. A 1911 Ernest Rutherford, bayan gwajin harba ƙananan ƙwayoyi kan siririn fallen zinariya, ya nuna cewa kusan duk nauyin yana dunƙule a cibiya, sauran wurin kuwa fili ne. Cibiyar nan kamar ƙwayar gero take a tsakiyar filin ƙwallo. Niels Bohr ya jera elektiron hawa-hawa a 1913, James Chadwick kuma ya gano niyutiron, ƙwaya marar caji da ke cikin cibiyar, a 1932.

Daga nan ɗalibi ya koyi jera elektiron na sinadarai ashirin na farko. Sodiyam da kulorin su ne ke haɗuwa su zama gishiri; idan aka ƙirga elektiron na kowane hawa daga ciki zuwa waje, sodiyam 2, 8, 1 ne, kulorin 2, 8, 7. Idan sodiyam ya saki ɗayan nan na waje, kulorin ya karɓa, kowanne ya zama mai caji, wato ayon, kuma jan da ke tsakanin caji biyu mabambanta shi ne ɗaurin ayon. Ɗaurin tarayya, wanda Gilbert Lewis ya bayyana a 1916, shi ne ƙwayoyi biyu su yi tarayya a kan elektiron biyu, kamar yadda yake a ruwa da sukari. Akwai kuma ɗaurin ƙarfe, inda elektiron na waje ke yawo sakaka, abin da ya sa wayar jan ƙarfe ke ɗaukar lantarki.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe

Hadda ita ce babbar cutar darasin. Yaro zai zana da'ira da ɗigo-ɗigo tsaf, ya ci maki, amma a tambaye shi dalilin da ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801, sukari kuwa ya narke a kan murhu, sai ya yi tsit. Wani laifin na zanen allo ne. Ana zana sodiyam guda da kulorin guda, sai ɗalibi ya ɗauka bibbiyu suke zama, alhali a cikin ƙwayar gishiri kowane sodiyam yana kewaye da kulorin shida, kowane kulorin da sodiyam shida, haka jerin yake tafiya ta ko'ina. Raba wannan jeri ne ke cin zafi.

Haka nan maganar da malamai suka saba, wai ƙwayar zarra tana "son" ta cika elektiron takwas a hawanta na waje. Tana taimakawa wajen tunawa, amma ƙwaya ba ta da so ko ƙi. Jan caji ne ke aikin.

Ba sai da kaya masu tsada ba. Yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa a gina jerin gishiri. Batir da waya da ƙaramin ƙwan fitila kuma suna nuna bambancin ɗauri biyu cikin minti kaɗan: ƙwan zai kama a ruwan gishiri, ba zai kama a ruwan sukari ko busasshen gishiri ba. Horar da malamai kan irin wannan dabara yana cikin aikin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau da Kwalejin Ilimi ta jiha da ke Maru.

Zinariya da dalma

Malamin Zamfara yana da misalin da ɗalibansa suka riga suka ji labarinsa a gida. Zinariya tana da lamba 79 a jadawalin sinadarai, dalma 82, tazarar furoton uku kacal (furoton su ne ƙwayoyi masu caji da ke cikin cibiya, yawansu ne lambar sinadari), amma halinsu ya sha bamban. Zinariya ba ta cika haɗuwa da wani sinadari ba, shi ya sa ake samunta tsurarta. Dalma kuwa a ɗaure take da wasu sinadarai a cikin dutse. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu.

Darussan biyu duk suna cikin wannan lamari. Ayon ɗin dalma yana da caji biyu kamar na kalsiyam, saboda haka jiki kan karɓe shi a madadinsa, ya taru a ƙashi, ya lalata ƙwaƙwalwar yaro. Tunda dalma sinadari ce ta asali, wuta ko wanki ba sa halaka ta. Dole aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Maganin DMSA da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka ba yaran kuwa da ɗauri yake aiki: ƙwayoyin farar wuta da ke cikinsa suna ba da nasu elektiron su cafke dalmar, ta fita ta fitsari. Wannan shi ne ɗaurin da ɓangare ɗaya ke ba da elektiron biyun duka, wanda manhaja ke kawowa bayan ɗaurin tarayya.