Tallafin Masu Shaye-shaye a Tsakanin Ƙananan Ƙabilun Sakkwato

Tallafin masu shaye-shaye shi ne taimakon da ake bai wa wanda ƙwaya ko wani kayan maye ya kama, shi da iyalinsa: magani a asibiti, nasiha, bibiyar halinsa bayan sallama, da sama masa abin yi. A Jihar Sakkwato, inda Hausawa da Fulani suka fi yawa, akwai al'ummomin da wannan taimako ke wuyar kai wa gare su. Cikinsu akwai Zabarmawa da Buzaye, masu dangi a Najeriya da Nijar, da Dakarkari 'yan ƙasar Zuru, da Yarabawa da Ibo mazauna birni. Ana iya haɗawa da Fulanin ruga, waɗanda ba yawa suka rasa ba, nisan daji ne ya raba su da asibiti.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kuma a ƙasa baki ɗaya ɗaya cikin kowane huɗu masu shan ƙwayar mace ce. Tabar wiwi ce kan gaba, sai ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol, sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018.

Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Mai tura kurar ruwa tun asuba, da mai gadin da zai kwana ido biyu, da ɗan dako a kasuwar Illela, tiramol kan shigo musu ne a matsayin maganin gajiya. Jiki na sabawa sai ya nemi ƙari. Ranar da ba a sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci, in kuma aka zarce ƙima yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

Inda ake samun taimako

Babbar cibiya ita ce Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, sai sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana ba da shawara da gyaran hali, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da ake amsawa da Turanci da Turancin buroka da Hausa da Yarabanci da Ibo. Iyalai da dama kuwa wajen malam suke fara zuwa don rubutu da ruƙiyya, wasu su kai ɗansu gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ya fito da mutane ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Abin da ke tare hanya

Harshe ne na farko. Maganin jarabar ƙwaya rabinsa magana ce, kuma Hausar ciniki daban take da Hausar da mutum zai faɗi abin da ke cin ransa. Uwa Bazabarma da ta zo da 'yarta mai shan kodin takan dogara da tafinta, tafintan kuwa sau da yawa maƙwabci ne ko ƙanen yarinyar. A gabansa sai ta ce wa likita “ciwon kai ne ke damunta”, a ba su farasitamol su koma gida da ciwonsu.

Sai kunya. A al'ummar da kowa ya san kowa, kuma aure tsakaninsu ake yi, da zarar an ce gidan wane akwai ɗan ƙwaya, maganar auren ƙannensa mata na iya lalacewa. Don haka ake rufa-rufa har abu ya ci tura. Ga tsoron hukuma, musamman ga baƙon da ke ganin neman taimako daidai yake da kai ɗansa a kulle. Ga kuɗin mota da na jinya ga wanda ke zaune a Gudu ko Tangaza, balle iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni.

Rawar shugabannin al'umma

Kowace daga cikin waɗannan al'ummomi tana da wanda take jin maganarsa: ardo a ruga, sarkin Zabarmawa ko na Buzaye a gari, shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na Ibo da Yarabawa, da limamai da fastoci. Ta hannunsu ya dace asibiti ya bi, ba a tsaya ga sanarwar rediyo ba. Abin da ake buƙata a wajensu ba mai yawa ba ne: su san cewa jaraba cuta ce mai magani, su san ƙofar da ake shiga a Kware, su kuma samo tafinta mai riƙon amana wanda ba ɗan gidan ba. Iyali ma suna buƙatar a faɗa musu da harshensu cewa komawa shan ƙwaya bayan sallama abu ne da ke yawan faruwa, kuma in ya faru asibiti ake komawa, ba korar yaro daga gida ake yi ba.