Karrama littattafan tarihin Katsina da Daura

A ƙasar Katsina da Daura, littafin tarihi yakan samu daraja ta hanyar karantar da shi, da kafa hujja da shi a fada da makarantu, da taron ƙaddamarwa, wani lokaci kuma da sanya sunan marubucinsa ga wata cibiyar ilimi.

Asali

Kafin zuwan ɗab'i, malamai da mutanen fada ne ke riƙe da tarihi. Akwai jerin sunayen sarakuna a rubuce da Larabci, wanda a Daura ake kira girgam, akwai kuma abin da maroƙa da makaɗan fada suka haddace. Darajar rubutu a lokacin ita ce a kwafe shi da hannu, a ba ɗalibi ya karanta a gaban malaminsa. Ta haka ayyukan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman Katsina na ƙarni na 17, suka kai ga na baya. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya tattara wasu daga cikin jerin sarakunan ya buga su a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928. Har yau ana duba aikinsa, sai dai masana da dama ba su yarda da fassarar da ya yi wa asalin sarautun ba.

Littattafan da suka yi fice

Malam Bello Kagara ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Hausa, aka buga a Zariya wajen 1951.

Wanda aka fi ambato shi ne The Transformation of Katsina, 1400–1883, na Dokta Yusufu Bala Usman, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a 1981. Asalinsa kundin digirin digirgir ne. Marubucin, haifaffen Musawa kuma jikan Sarki Dikko, ya haɗa takardun Larabci da bayanan baka da ya karɓa daga bakin dattawa, har da na Maraɗi, inda zuriyar sarakunan da aka ture a jihadi wajen 1807 suka kafa mulki. Abin da ya ɗaga littafin shi ne ƙin kallon tarihin Katsina a matsayin karon Haɓe da Fulani. Ya bi yadda tsarin sarauta ya kafu tun zamanin Muhammadu Korau, wanda ake kyautata zaton ya yi mulki a ƙarni na 15, da yadda noma, fatauci, ƙaura da malanta suka sauya al'umma har aka kafa masarautar Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi. Da wuya ɗalibin tarihin Arewa ya gama karatu bai buɗe shi ba.

A kan Daura akwai The Affairs of Daura na M. G. Smith, na 1978, wanda ya fi mai da hankali ga muƙaman sarauta da rabuwar masarautar bayan jihadi. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu kuwa ana saɓani a kansa: wasu na ɗaukarsa tarihi, wasu hikaya.

Karramawa a yau

Bala Usman ya rasu a 2005. Wata kwalejin gwamnatin jiha da ke Daura tana ɗauke da sunansa. Sababbin littattafai yawanci a taron ƙaddamarwa ake girmama su, inda sarakuna da attajirai ke sayen kwafi da kuɗi mai tsoka.